Gwajin da Ya Faɗi a Kwamfutar Mufutau

Ranar Juma'ar da za mu saki sabon aikinmu, ko sandata ban jingine ba Anti Ibidun ta kira ni daga bakin ofishinta.

"Mufutau, yau ce fa. Na yi wa mutanen asibiti alkawari, kafin a tashi aiki abin zai kasance a hannunsu. Kai kaɗai muke jira."

Na ce, "To, Anti."

Anti Ibidun ce mai kamfanin. Ƙaramin wuri ne, ɗaki biyu a saman shagon tayoyi a Mokola, nan cikin Badun. Masu rubuta manhajar kwamfuta suna da wata manhaja da suke rubutunsu a ciki, ana ce mata edita. Mu kuma mun ƙera wani ɗan ƙari da ake liƙa wa editan, yana bin rubutun Yarbanci yana ɗora wa haruffa alamominsu. In ba alama, kalma ɗaya sai ta zama miji, ko mota, ko fartanya. Manyan masu amfani da ƙarin namu wasu ne da ke yi wa wani asibiti manhajar waya mai tura wa mata masu ciki shawarwari. Su suka roƙi a yi musu maɓalli guda wanda in an danna zai gyara fayil gaba ɗaya, maimakon bin kalma ɗaya-ɗaya. Leke, abokin aikina, shi ya rubuta wannan maɓallin. Ni kuma aikina gwaji.

Ba na gani. Ciwon ido ya cinye ganina a hankali bayan na gama makaranta, har ya ƙare ƙurmus. Na daɗe a gida ina neman aiki. A waya kowa yana murna da ni, amma da zarar na shiga ofis da sanda sai in ji muryar mai tambayata ta canza, ta yi laushi irin na mai gaida mara lafiya. Anti Ibidun ce kaɗai muryarta ba ta canza ba. Ta ce in zo in yi watannin gwaji, in abin ya yi, shi ke nan. A ranar da nake ba da labari watannin ba su cika ba.

Na kunna tsohuwar kwamfutata, na sa abin ji a kunne ɗaya. Akwai manhaja a ciki da ke karanta mini duk abin da ke allo, da sauri ƙwarai, har wanda bai saba ba ba ya kama ko kalma. Leke ya raɗa mata suna Aku. Na buɗe taminal, wato tagar nan da babu komai a cikinta sai rubutu, kana buga umarni kwamfuta tana amsawa. Masu ido da yawa ba sa son ta. Ni a nan nake sakewa, don babu hoton da zan laluba. Umarni ɗaya nake bugawa, sai kwamfutar ta buɗe editan da kanta, ta liƙa masa ƙarinmu, ta ɗauko fayilolin gwaji da na tanada, ta danna abin da mutum zai danna, ta duba ko abin da ya fito shi ne abin da ya kamata, sannan ta rufe ta rubuto mini sakamako.

Na buga umarnin. Nan take ya dawo da ƙorafi, wai akwai wani edita a buɗe, ba zai yi gwaji ba sai an rufe shi. Wannan na saba. Na rufe, na sake bugawa.

Aku ya fara jero sakamakon gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce. Ya wuce. Ya wuce. Na miƙa hannu ina neman robar ruwana.

Ya faɗi.

Na janye hannun. Na koma baya na saurara a hankali. Gwajin sabon maɓallin ne. Fayil ɗin da aka ba shi ya gyara ya shiga da rubutunsa cikakke, ya fito da layukan farko kawai. An ɗora musu alamomi daidai, tsaf. Sauran kuwa babu su.

Na sake gwadawa. Haka. Na goge komai, na sauko da sabon kwafin aikin, na sake haɗawa, na buga. Fankar kwamfutar tana huci a ƙarƙashin tafina. Ya wuce, ya wuce, ya wuce, ya faɗi.

"Leke."

"Egbon, na'am." Haka yake kira na, wato yaya, don na girme shi. Yana cin wani abu mai ƙara, ina jin gyaɗa ce.

"Gwajin maɓallinka yana faɗuwa a wurina. Yana cinye fayil."

"Cinyewa? Haba, Egbon. Jiya da kaina na gwada." Na ji kujerarsa ta juya, yatsunsa suka hau maɓallai. Can ya ce, "Ga shi nan, duk sun wuce. Alamarsu kore shar. Ko dai Akunka ya sha wani abu da safe?"

Na yi dariya don kada ya ga kamar abin ya dame ni.

Anti ta ji mu, ta ce a gwada a tata kwamfutar. Aka gwada, duk suka wuce. Kwamfuta biyu sun ce lafiya, tawa kaɗai ta ce a'a. Tawa kuma ita ce tsohuwa, wadda na zo da ita daga gida na roƙa a bar ni in yi aiki da ita, saboda yatsuna sun san ta, kuma duk shirin Aku yana cikinta.

Anti ta ce, "Duba ka gani mana. Akwai lokaci tukuna."

Na duba duk abin da na sani. Na duba ko editan da kwamfutata ke saukowa da shi ya bambanta da nasu. Iri ɗaya ne. Na kashe Aku gaba ɗaya, ko shi ke shiga tsakani, na buga umarnin cikin shiru, na zauna ba na jin komai sai hon ɗin tasi daga titi, sannan na kunna shi ya karanta mini. Ya faɗi. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, fankar sama ta tsaya, zafi ya sauko mana. Rigata ta manne a bayana.

Abin da ke cina shi ne wannan. In laifin kwamfutata ne, to na tsayar da aikin kamfani rabin yini a kan ba komai, kuma duk abin da masu ɗaukar aiki suke tsoro game da ni ya tabbata: makaho sai an yi ta jiransa, kayansa daban, matsalarsa daban. In kuwa laifin maɓallin ne, me ya sa ba ya nunawa a wurin kowa sai ni?

Da aka kira sallar Juma'a, mai shagon tayoyi ya ƙwala mini kira daga ƙasa kamar yadda ya saba, na sauka na riƙe kafaɗarsa muka tafi. Ban san abin da liman ya faɗa a huɗuba ba. Ina zaune a sahu ina jero gwaje-gwaje a kaina. A hanyar dawowa matata Modinat ta kira daga shagonta na atamfa a kasuwar Gbagi.

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kake. Muryarka ta mai yunwa ce. Me ya faru?"

"Wani abu ne ya ƙi tafiya."

"Kai ka ɓata shi?"

"Shi ne ban sani ba."

Ina jin hayaniyar kasuwa a bayanta. Ta ce, "To ka ci amala tukuna, ka ji? Yunwa ba ta gyara kwamfuta."

Ban ci ba. Na hau sama na zauna, na sake buga umarnin, kamar mai fatan ta gaji ta canza magana. Ba ta canza ba.

Ƙamshin turaren Anti ya zo ya tsaya a bayana. Ta jira har Aku ya gama. Wayarta tana ta tsuwwa a hannunta.

"Mufutau, matar nan ta asibiti ta kira ni sau ba adadi. Tambaya ɗaya zan yi maka. Aikinmu ne ke da matsala, ko kwamfutarka?"

Na ce, "Ban sani ba, Anti."

"Ba ka sani ba."

"Ban sani ba tukuna."

Ta ja numfashi. Ba fushi ba ne a muryarta, gajiya ce, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Leke, taso ka duba masa."

Leke ya jawo kujera har gwiwarsa ta bugi tawa. "Egbon, allonka baƙi ƙirin. Yaya za a yi in gani?"

"Na rage hasken ne, don batir."

Ya ƙara hasken. Sai ya fashe da dariya, har yana buga tebur.

"Kai! Anti, zo ki ga ikon Allah. Egbon, wannan allo ne ko allon tallan bakin titi? Harafi ɗaya ya kai ƙwan kaza! Ai mai tayoyi ma daga ƙasa zai karanta. Wa ya yi maka wannan?"

Da farko ban gane ba. Sai abin ya faɗo mini. A shekarar ƙarshe da nake ɗan gani, na riƙa ƙara girman komai a kwamfutar nan, yau kaɗan gobe kaɗan, ina kai fuskata har hancina ya kusa taɓa gilashi. Na kai shi ƙarshen inda yake zuwa. Daga baya ko hakan ya daina amfani, na koma ga kunne. Ban taɓa mayar da shi ba, don ban sake ganinsa ba balle in tuna.

Na ce, "Ni na yi. Lokacin ina gani kaɗan-kaɗan."

Dariyar ta tsaya. Leke ya yi gyaran murya. "Yi haƙuri, Egbon. Ban..."

"Ba komai. Me kake gani?"

"In gwajin ya buɗe editan, tagar ba ta ɗaukar komai, layi kaɗan ne ke shiga. Bari in mayar maka da shi daidai, mu gani. In mayar?"

Na ce ya mayar. Danna biyu ya yi, abin da na yi shekara ina ƙarawa ya koma yadda yake ran da na sayi kwamfutar. Na ji wani iri, amma ba lokacinsa ba ne. Na buga umarnin.

Ya wuce. Ya wuce. Ya wuce. Ya wuce. Har ƙarshe.

Anti ta tafa hannu. "Mun gode wa Allah! Ashe allo ne. Leke, shirya mu sake shi." Ta dafa kafaɗata. "Kada ka damu, Mufutau, ba laifinka ba ne. Wata mai zuwa za mu nema maka sabuwar kwamfuta." Takalmanta suka yi ofis, na ji tana cewa a waya, "Madam, yanzu-yanzu, ki ba ni ɗan lokaci kaɗan."

Ya kamata in ji sanyi. Na ma ji, na ɗan lokaci. An gano abin, ba a yi mini faɗa ba, yau zan koma gida da aikina. Na sha ruwan da tun safe ban sha ba.

Amma sanyin bai daɗe ba. Na zauna ina jin Leke yana bugawa da sauri, yana bin matakan sakin aiki, waɗanda na san su ɗaya bayan ɗaya. Sai tambaya ta zo mini. Me ya haɗa girman harafi da cinye fayil? In taga ƙarama ce, sai a ce rubutu ya ɓuya, ba ya ɓace ba. Kuma fayil ɗin gwajin ni na rubuta shi, gajere ne, a allon Leke mai faɗi duk zai shiga a kallo ɗaya. Na mutanen asibiti kuwa na taɓa saurarensa, dogo ne, babu allon da zai ɗauke shi a duniya.

Wataƙila ba haka ba ne. Ban karanta abin da Leke ya rubuta ba, kuma babu lokacin karantawa. Na riga na cinye musu yini. Yanzu aka gama yi mini uzuri a gaban kowa. In na sake ɗaga murya kuma ya zama ba komai, ban san da wace fuska zan hau matakalar nan ranar Litinin ba. Na ce wa kaina gwaji ya wuce, aikina ke nan, na yi.

Leke ya ce, "Saura dannawa ɗaya. Anti, in tura?"

"Leke, dakata."

Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so. Ƙofar ofis ta buɗe.

Anti ta ce, "Mene ne kuma?"

"Anti, ki ba ni gwaji ɗaya. Guda ɗaya tak. In ya wuce ba zan ƙara magana ba."

"Ai ya wuce, Mufutau. A gabana ya wuce."

"Da gajeren fayil ya wuce. Ina so in ba shi dogo."

Daga ƙasa ana buga ƙarfe a jikin taya. Can Anti ta ce, "Yi sauri."

Na ɗauko kwafin fayil ɗin asibiti da suka taɓa turo mana, na sa shi a madadin nawa. Sau biyu ina kuskuren buga sunansa. Na zare abin ji daga kwamfutar don kowa ya ji, na rage wa Aku sauri, na buga umarnin.

Ya wuce. Ya wuce. Ya wuce. Ya faɗi.

Na ce wa Aku ya je ƙarshen fayil ɗin da ya fito, ya karanta. Ya karanta da muryarsa da ba ta san komai ba: "Idan kika ga jini, ko kaɗan ne, kada ki." Sai ya ce, ƙarshen fayil.

Duk abin da ke bayan wannan, shawarwarin wata da watanni har zuwa haihuwa, babu.

Leke ya ce, "Wayyo Allah," a hankali. Na ji ya koma kujerarsa, yana gungura rubutu. "Na gani. Ni ne. Don ya yi sauri na sa shi ya ɗauki abin da ke bayyane a allo kawai. Amma wajen mayarwa yana shafe fayil ɗin duka ya zuba wannan ɗin. Kai, Leke. Kai, Leke!" Ya bugi goshinsa, na ji ƙarar.

Anti ta ce, "Bar dukan kanka. Ni ma na karanta shi na amince." "Da sun danna shi a kan aikinsu fa?"

Ta shiga ofis ta rufe ƙofa. Bangon katako ne, muna jin rabin maganar. "E, Madam. Na sani na yi alkawari. A'a, ba yau ba. Na ji. Kina da gaskiya. Na ji." Ta daɗe tana cewa na ji.

Gyaran bai ɗauki Leke lokaci ba. Ni kuma na rubuta sabon gwaji mai dogon fayil, na ƙara wani da ke ƙunshe tagar da gangan ta zama ƙarama. Muka buga a tawa, muka buga a tasa, duk suka wuce. Leke ya ce tunda an gyara a tura kawai, a fita kunya. Anti ta fito ta ce babu abin da za a tura da yammacin Juma'a da hannu mai rawa, sai Litinin. Ta ce matar ta yi fushi sosai, har ta yi zancen neman wasu. Ba ta yabe ni ba, ba ta kuma zarge ni ba. Ta ɗauki jakarta, a bakin ƙofa ta tsaya.

"Mufutau, ina so gwaje-gwajen nan su riƙa tashi da kansu duk lokacin da wani ya taɓa aikin, a wata kwamfuta can da ba ta kowa ba. Ka iya haɗa wannan?"

Irin waccan kwamfutar ba ta da allo ko kaɗan, editan kuma ba ya tashi sai an yi masa dabarar allo na ƙarya. Na taɓa jin labarin, ban taɓa yi ba. Na ce, "Ban iya ba tukuna, Anti."

"To ka koya." Ta sauka.

Ina haɗa kayana Leke ya ce zai raka ni tasha. Bai taɓa yi ba. Ya kama hannuna ya ja ni gaba kamar mai jan akuya, muna sauka ya kusa zuba ni cikin kwata.

"Leke, sake ni. Ni zan riƙe ka. Ba ni gwiwar hannunka, ka yi tafiyarka kawai."

"Haka?"

"Haka. In akwai rami ka faɗa kafin mu kai, ba bayan na faɗa ba."

"Rami," in ji shi, da sauri.

"Ina?"

"Can gaba. Da nisa tukuna."

A bakin tasha akwai mai amala. Ya ce ba inda za ni sai mun ci, shi zai saya. Muka zauna a benci, aka zubo da miyar ewedu, na kai loma ta farko bakina na ji ashe yunwa ta gama cina. Leke bai yi zolaya ko ɗaya ba har muka cinye.

Ranar Litinin da hantsi muka saki aikin. Matar asibiti ta karɓa, ta turo saƙo gajere ba gaisuwa, amma ba ta tafi wurin wasu ba. Ni kuma na kwashe Asabar da Lahadi ina sauraren bayanin allon ƙarya, har Modinat ta ce in ban kashe wannan mai surutun ba za ta kai shi Gbagi ta sayar. Na gwada haɗawa a ofis ranar Talata. Ya ƙi tashi. Na kira Leke ya jawo kujerarsa.